Yadda Ake Sauya Nau'in Fayil Da Layukan Sauti Ba Tare Da An Lalata Waƙa Ba

Bara wani abokina mawaƙi ya kira ni da daddare hankalinsa a tashe. Ya biya kuɗin situdiyo, an haɗa masa waƙa, ya saurare ta a hedifon ta yi masa daɗi, har ya tura wa mai sa kiɗa a wani biki. Da aka kunna ta a babbar lasifika sai muryarsa ta fito, kiɗa ya fito, amma 'yan amshi suka ɓace kamar ba a taɓa ɗaukarsu ba. Duk inda ya kamata a amsa masa sai a ji wurin fayau. Ya kunna a sifikar wayarsa, haka. Ya mayar da hedifon, ga amshin nan ya dawo.

Ni ba furodusa ba ne, aikina rubuta manhaja ne, kuma a kwamfuta na koya wa kaina. Amma fayil ɗin sauti lambobi ne kawai, don haka na ce ya turo min. Abin da na gani a ciki shi ya sa na rubuta wannan bayani, domin matsalar ba ta abokina kaɗai ba ce. Yawancin ɓarnar da ake yi wa waƙa ba wajen rerawa ake yin ta ba, wajen sauya fayil ne daga wani nau'i zuwa wani. Kuma sauyin nan iri biyu ne: akwai wanda ba ya rage komai, akwai wanda abin da ya cire ba ya dawowa har abada. Idan ka iya bambance su, ka tsira daga mafi yawan matsalolin.

Me ke cikin fayil ɗin sauti?

Sauti girgizar iska ce. Makirfo yana mayar da girgizar ta zama wutar lantarki mai hawa da sauka, ita kuma kwamfuta tana auna wannan wutar sau dubbai a kowane sakan tana rubuta lambar da ta samu. Abubuwa uku ne ke bayyana yadda aka yi awon.

Na farko, sau nawa aka auna a sakan ɗaya. Shi ne za ka ga manhaja ta rubuta Sample Rate. Faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, yana amfani da 44,100 a sakan. Harkar bidiyo da fim kuwa 48,000 take amfani da shi. Ƙa'idar ita ce awo yana iya kama sautin da bai wuce rabinsa ba, wato 44,100 yana kama har 22,050 Hz, alhali kunnen ɗan Adam iyakarsa wajen 20,000 Hz ne.

Na biyu, zurfin kowane awo, wanda ake rubutawa Bit Depth. Bit 16 yana ba da tazarar kusan dB 96 tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni, bit 24 kuma kusan dB 144.

Na uku, yawan layukan sautin, abin da manhajoji ke kira Channels. Layi ɗaya shi ne mono. Layi biyu, hagu da dama, shi ne siteriyo.

Da waɗannan ukun za ka iya lissafa nauyin fayil da kanka. Ka ninka 44,100 da 16 da 2, za ka samu bit 1,411,200 a sakan, wato kusan MB 10 da rabi a minti. Waƙar minti huɗu ta kai MB 42 ke nan. Wannan nauyin ne ya sa aka ƙirƙiro hanyoyin matse sauti.

Nau'o'in fayil gida uku ne

Gida na farko su ne waɗanda ba a matse ba. WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, da AIFF na kamfanin Apple. Lambobin suna nan yadda aka auna su.

Gida na biyu an matse su amma ba a zubar da komai ba, kamar FLAC da ALAC. Kamar ka naɗe tabarma ne, idan ka warware tana nan yadda take. FLAC yakan rage nauyin WAV zuwa kusan rabi, wani lokaci ya ɗan fi haka, kuma idan ka mayar da shi WAV lamba ɗaya ba za ta canza ba.

Gida na uku su ne waɗanda ake zubar da wani ɓangare na sautin don fayil ya yi sauƙi: MP3 da AAC da Vorbis da Opus. MP3 ya fito a farkon shekarun 1990, kuma cibiyar Fraunhofer ta Jamus ce ta yi babban aikinsa. AAC shi ne yawanci ke cikin fayil mai ƙarewa da m4a da kuma bidiyon MP4. Opus, wanda aka kammala a 2012, shi WhatsApp ke amfani da shi wajen saƙon murya. Dabararsu ɗaya ce: su gano sautukan da kunne ba zai lura da su ba, misali ƙaramin sauti da ya zo daidai da bugun ganga mai ƙarfi, su yar da su. Shi ya sa waƙar nan ta MB 42 take komawa MB 9.6 a MP3 mai 320 kbps, ko ƙasa da MB 4 a mai 128 kbps.

Abin da aka zubar ba ya dawowa

Idan aka tankaɗe gari aka zubar da dusa, ko a wane irin buhu ka zuba garin dusar ba za ta koma ba. Haka MP3 yake. Ka mayar da shi WAV, fayil zai yi nauyi sau goma, amma sautin na MP3 ɗin ne. Haka idan ka ɗaga 128 kbps zuwa 320 kbps, ba abin da ka ƙara sai cin wuri. Akwai wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna Spek da ke zana hoton sauti. Ka buɗe irin wannan fayil a cikinta, sau da yawa za ka ga an yanke saman sautin a wajen 16,000 Hz kamar an sa reza, duk da cewa sunansa WAV.

Mafi muni shi ne matsewa a kan matsewa. Furodusa ya tura kiɗa a MP3, mawaƙi ya hau kai a wani situdiyon, aka fitar a MP3, mai haɗa bidiyo ya ɗauka ya fitar a AAC, sannan Facebook ko TikTok su sake matsewa. Sau huɗu ke nan ana tankaɗe gari ɗaya. A nan ne kuge da tafi da harafin "s" suke fara yin wani irin sauti kamar ana motsa ruwa a cikin leda.

Akwai kuma wata illa da mutane ba su cika sani ba. MP3 yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, wanda a LAME, fitacciyar manhajar da ke yin MP3, yakan kai kusan milisakan 25. Wasu manhajoji suna gane shi su cire, wasu ba sa yi. Idan ka tura murya a MP3 don a ɗora a kan kiɗa, wannan ɗan jinkirin ya isa ya sa a ji kamar mawaƙin yana bin kiɗa a baya.

Sannan canza sunan fayil ba sauya fayil ba ne. Idan ka goge opus a ƙarshen suna ka rubuta mp3, ka canza rubutun jikin kwalba ne kawai, abin da ke ciki yana nan. Wata manhajar za ta buɗe don tana leƙa ciki, wata kuma ta ce fayil ya lalace.

Don haka doka ta farko: duk lokacin da aiki bai ƙare ba, a WAV ko FLAC ake yawo da shi. MP3 sau ɗaya ake yin sa, a ƙarshe, daga asalin WAV.

Mono da siteriyo: inda aka fi yin kuskure

Mutane da yawa sun ɗauka siteriyo ya fi mono inganci. Ba maganar inganci ba ce, maganar faɗi ce. Siteriyo, wanda injiniyan Ingila Alan Blumlein ya nemi rajistar fasaharsa a 1931, yana aiki ne da bambancin da ke tsakanin hagu da dama. Idan abin da ke layukan biyu iri ɗaya ne, kunne zai ji sautin a tsakiya. Idan ya fi ƙarfi a hagu, sai a ji ya karkata hagu.

Makirfo ɗaya layi ɗaya yake bayarwa. Saboda haka muryar da aka ɗauka da makirfo ɗaya mono ce, ko da an ajiye ta a fayil mai layi biyu. Idan ka mayar da mono zuwa siteriyo, manhaja kwafe layin take yi ta sa a hagu da dama. Ba ka yi asara ba, amma ba ka samu faɗi ba, nauyin WAV ɗin kawai ka ninka.

Matsalar da ta fi yawa ga masu farawa ita ce murya a kunne ɗaya. Ka jona makirfo a rami na ɗaya na na'urar ɗaukar sauti, amma a manhaja ka zaɓi shigar siteriyo ta rami na ɗaya da na biyu. Sakamakon haka murya ta tafi hagu, dama kuwa babu komai sai ɗan shuu. Nan da nan sai mutum ya ce bari in haɗe su su zama mono. To ga abin da ke faruwa. Haɗewa yawanci tara layukan biyu ne a raba biyu. Idan hagu 10 ne dama 0, sakamakon 5 ne. Muryar ta ragu da rabi, wato dB 6, kuma ka zuba mata hayaniyar layin da babu kowa. Abin da ya dace shi ne ka ɗauki layin hagu shi kaɗai ka yar da na dama.

Yanzu mu zo kan abin da ya samu abokina. Takardar lasifika gaba da baya take motsawa. Lamba mai kyau tana tura ta gaba, lamba mai alamar ragi tana jawo ta baya. Idan hagu yana cewa 10, dama yana cewa 10, haɗewarsu 10 ce, lafiya lau. Amma idan hagu yana cewa 10, dama yana cewa -10, haɗewarsu sifili ce. Kamar mutum biyu ne masu ƙarfi ɗaya a kan ƙofa, wannan na turawa daga waje wancan na turawa daga ciki, ƙofa ba za ta motsa ba.

Wanda ya haɗa waƙar abokina yana son amshi ya yi faɗi, sai ya kwafi amshin, ya tura ɗaya hagu ɗaya dama, ya kifar da na daman. A hedifon kowane kunne nasa yake ji, ba sa haɗuwa, sai a ji amshin ya kewaye kai. Amma da zarar na'ura ta haɗe layukan biyu, sai su cinye juna.

Wani zai ce ai yanzu kowa siteriyo yake ji. Ka duba inda waƙoƙinmu suke ƙarewa: waya mai sifika ɗaya, ƙaramar sifikar Bluetooth a shago, rediyo mai baki ɗaya, lasifikar biki da ta taro wadda sau da yawa layi ɗaya ake ba ta. Hatta rediyon FM na mota yakan koma mono idan tashar ta yi nisa. Mai hedifon mai kyau shi ne 'yan tsiraru a cikin masu sauraronka.

Ba kifarwa kaɗai ke jawo wannan ba. Akwai dabarar jinkirta gefe ɗaya da milisakan 10 zuwa 30 don a samu faɗi. Wannan ba ya ɓatar da sauti gaba ɗaya a mono, amma yana cinye wasu sassansa, sai murya ta koma kamar ana magana a cikin bututu. Haka idan ka sa makirfo biyu a kan kalangu ko gurmi ɗaya. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, don haka bambancin nisan santimita 34 tsakanin makirfo biyun jinkirin milisakan ɗaya ne, kuma ya isa ya rage wa kiɗan kauri idan an haɗe. Har wayar makirfo mai fil uku, idan wanda ya yi mata walda ya musanya fil na biyu da na uku a gefe ɗaya, sautin a kife zai riƙa shigowa.

Idan layi guda ne aka kifar gaba ɗayansa, gyaran mai sauƙi ne: ka raba layukan, ka sake kifar da ɗaya, shi ke nan. Amma idan abu ɗaya ne a cikin waƙar aka kifar, kamar amshin abokina, wannan dabarar ba za ta yi ba. Na gwada don in nuna masa: amshi ya dawo a mono, sai muryarsa da ganga da duk abin da ke tsakiya suka ɓace. Da ma da irin wannan lissafin tsofaffin manhajojin cire murya daga waƙa suke aiki. Maganin ɗaya ne, a koma cikin furojet ɗin a gyara amshin a can.

Gwajin da zai hana ka shiga wannan halin bai kai minti biyar ba. Kafin ka fitar da waƙa, ka mayar da babban layin fita mono ka saurara daga farko har ƙarshe. A FL Studio akwai maɓallin Stereo separation a mahaɗar sauti, idan ka murɗa shi dama har ƙarshe a kan Master layukan za su haɗe. A Ableton Live ka ɗora Utility ka danna Mono. Faɗi zai tafi, wannan dole ne. Amma idan wani abu ya ɓace ko ya yi siriri sosai, akwai gyara. Ka kuma tuna ka mayar da maɓallin wurinsa kafin ka fitar. Sannan babbar murya da ganga mai kauri da bes, ka bar su a tsakiya, su ne ginshiƙin waƙar.

Sauya yawan awo: 44,100 da 48,000

A nan ma abu biyu ne masu kama da juna. Akwai sake lissafa sautin don ya dace da sabon awo, wanda ake kira Resample. Manhajojin yanzu suna yin sa da kyau, da wuya kunne ya ji bambanci. Akwai kuma canza lambar da ke rubuce a kan fayil ba tare da an taɓa sautin ba. Wannan na biyun shi ke kawo matsala.

Idan fayil na 48,000 ne aka kunna shi a matsayin 44,100, zai yi nauyin tafiya da kusan kashi 8 cikin 100. Waƙar minti huɗu za ta koma minti huɗu da sakan 21, murya kuma ta yi ƙasa da kusan rabin mataki ɗaya da rabi a ma'aunin kiɗa. Idan akasin haka ne, sai murya ta siranta ta yi sauri. Duk lokacin da ka ga baki da murya sun fara daidai a bidiyo amma suna ƙara rabuwa yayin da ake tafiya, fara duba nan.

A Audacity duka biyun suna nan. Rate da ke cikin menu na gefen tirak lambar kawai yake canzawa. Resample da ke ƙarƙashin Tracks shi ne sauyi na gaskiya. Shawarata ita ce tun ranar farko ka zaɓi awo ɗaya: idan aikin zai ƙare a bidiyo ko fim, 48,000, idan waƙa ce zalla, kowanne ya yi. Kuma ɗaga 44,100 zuwa 96,000 ba ya ƙara komai a kan abin da aka riga aka ɗauka.

Sauka daga bit 24 zuwa 16

Ka ɗauki sauti a bit 24, domin yana ba ka damar barin sarari ba tare da ka matsa makirfo har ya fashe ba. Manhajojin haɗa waƙa a cikinsu da 32-bit float suke lissafi, wanda ko sauti ya haura 0 dB ba ya yankewa. Sai dai ranar da ka fitar zuwa 24 ko 16, duk abin da ya haura sifili za a sare kansa, kuma wannan ƙarar tsagewar ba ta gyaruwa. Ka duba mita kafin ka fitar.

Idan za ka sauka zuwa 16, kunna Dither. Wata 'yar hayaniya ce mai rauni ƙwarai da ake zubawa da gangan don kada wurare masu sanyi, kamar ƙarshen waƙa inda sauti ke dusashewa, su yi ƙaiƙayi. Sau ɗaya ake sa ta, a matakin ƙarshe. Idan kana tura aiki wani situdiyon a ci gaba, bar shi a 24.

Ka kuma bar ɗan sarari a sama saboda matsewa. Mayar da WAV zuwa MP3 ko AAC yakan ɗaga ƙololuwar sauti kaɗan. Shi ya sa Spotify ke ba da shawarar kada ƙololuwa ta wuce -1 dB.

Idan layukan sun fi biyu

Masu ciro sauti daga fim sukan haɗu da 5.1, wato layi shida: hagu da dama na gaba, tsakiya, biyu na baya ko gefe, da ɗaya na sauti mai kauri. Yawancin maganar 'yan wasa a layin tsakiya take. Idan ka ɗauki layi biyun farko kawai ka ce ka samu siteriyo, za ka ji kiɗa da ƙarar mota amma magana ta tafi. Haɗewa ta daidai tana raba layin tsakiya ga hagu da dama bayan an rage shi da dB 3.

Yadda ake yi a aikace

A Audacity, wadda kyauta ce: don haɗe siteriyo na gaskiya, shiga Tracks, sai Mix, sai Mix Stereo Down to Mono. Don murya mai kunne ɗaya, buɗe menu na gefen tirak ka zaɓi Split Stereo to Mono, ka goge wanda babu komai. Don kifar da layi, Invert yana cikin Effect.

A FL Studio: wajen zaɓar shigar makirfo a mahaɗa, ka gangara jerin mono ka zaɓi ramin da ka jona, kada ka zaɓi na siteriyo. Wajen fitarwa, idan wani ne zai ƙarasa haɗin, zaɓi WAV mai bit 24 ko 32, ka kunna Split mixer tracks don kowane tirak ya fita daban, duk su fara daga wuri ɗaya.

Ni kuwa abin da na fi amfani da shi FFmpeg ne, manhaja kyauta da Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000. Ba ta da maɓallai, umarni ake rubuta mata, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux, har ma a wayar Android ta cikin Termux. Da yawa daga shafukan intanet masu sauya fayil ita suke amfani da ita a ɓoye, don haka babu dalilin da zai sa ka ƙona data kana ɗora waƙar da ba ta fita ba a shafin da ba ka san mai shi ba.

Kafin komai, duba abin da ke cikin fayil:

ffprobe waka.wav

Zai nuna maka ainihin nau'insa, da yawan awo, da zurfi, da yawan layuka, ko da an canza masa suna.

Daga WAV zuwa MP3:

ffmpeg -i waka.wav -c:a libmp3lame -b:a 320k waka.mp3

Haɗe hagu da dama don gwajin mono:

ffmpeg -i waka.wav -ac 1 gwaji.wav

Ɗaukar layin hagu kaɗai:

ffmpeg -i murya.wav -af "pan=mono|c0=c0" -c:a pcm_s24le murya_mono.wav

Idan na dama kake so, sai ka rubuta c0=c1.

Sauya awo zuwa 48,000:

ffmpeg -i kida.wav -ar 48000 -c:a pcm_s24le kida48.wav

Ciro sautin AAC daga bidiyo ba tare da an sake matse shi ba:

ffmpeg -i bidiyo.mp4 -vn -c:a copy sauti.m4a

Ka lura da pcm_s24le da na riƙa sawa. Idan ka ce wa FFmpeg ta fitar da WAV ba ka faɗi zurfi ba, bit 16 za ta ba ka, ko da asalin 24 ne, kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba. Na taɓa sauya tarin fayilolin murya a haka, sai bayan kwana biyu na gane, Allah ya taimake ni ban goge na asali ba. Tun daga ranar ba na taɓa asalin fayil, kwafi nake yi wa aiki.

Wane fayil za ka ba wa?

Wanda zai haɗa maka waƙa ko ya gyara ta: WAV mai bit 24, a awon da aka ɗauka, murya a mono. Kamfanonin da ke ɗora waƙa a Spotify da Apple Music da makamantansu: WAV ko FLAC na siteriyo, bit 16 ko 24, su za su matse da kansu. Mai haɗa bidiyo: WAV a 48,000. Masoya da masu tura waƙa a waya da katin memori: MP3 daga 192 zuwa 320 kbps. Karatu ko hira ko darasi, inda murya ce kawai: MP3 na mono a 64 zuwa 96 kbps ya wadatar, kuma ya fi siteriyo mai nauyi ɗaya tsabta, tunda duk bit ɗin layi ɗaya suke yi wa aiki.

Idan ta WhatsApp za ka tura WAV, tura shi a matsayin Document, zai isa yadda yake. Kada ka kunna waƙa ka ɗauke ta da saƙon murya, kada kuma ka saka ta cikin bidiyo don kawai ka tura.

Shi abokina ya yi sa'a, furojet ɗin waƙar yana nan a kwamfutar situdiyo. Aka cire kwafin da aka kifar, aka sa 'yan amshi suka sake rerawa sau biyu, ɗauka ɗaya aka tura hagu ɗaya dama. Da yake ɗauka biyu ba sa taɓa zama iri ɗaya sak, faɗin ya samu, kuma a mono babu abin da ya ɓace. Kiɗan ma aka nemo asalin WAV ɗinsa aka maye gurbin MP3 ɗin da aka hau a kai. Abin da ba a iya gyarawa ba shi ne tsohon kwafin da ya riga ya shiga wayoyin mutane, wanda har yanzu yake yawo babu amshi.

Saboda haka kafin waƙarka ta gaba ta bar situdiyo, ka saurare ta a mono, ka saurare ta a sifikar waya mafi araha da ke kusa da kai, sannan ka tabbatar ka fita da WAV ɗinka a hannu, ba MP3 kaɗai ba.